Sifikar Hagu a Falon Baba

Ranar da Baba ya ce wa Auta ta zauna a kujerarsa, ranar tsoro ya shige ta. Tun tasowarta ba ta taɓa ganin wani ya ɗora jikinsa a kan wannan kujera ba, ko da babban baƙo ne. Ta katako ce mai hannu, an ajiye ta daidai tsakiyar falo tana fuskantar sifikoki biyu, har Baba ya shata wa ƙafafunta layi da fenti a kan siminti don kada mai shara ya gusar da ita. Da yammar nan ya dawo da na'urar sidinsa daga wurin Dogo mai gyara, ya jona wayoyi, ya sa faifai, ya saurara kaɗan, sai ya miƙe fuska a murtuke.

"Auta, zo ki zauna nan. Shaida nake so."

Ta zauna a ɗarare. Ya tsaya a bayanta ya danna rimot. Kiɗa ya taso, kuma gaba ɗayansa daga hagu ya taso. Muryar mawaƙiyar da ganga da sarewa duk sun cunkushe a bangon hagu kamar mutanen da suka fake wa ruwa a rumfa ɗaya. Sifikar dama kuwa ɗan raɗa kawai take yi. Auta ta buɗe baki za ta ce ta dama ce ta lalace, sai Baba ya riga ta.

"Kin ji ko? Ta hagun nan ta mutu. Komai ya koma dama. Dogo ya cuce ni."

Ta waiga ta dube shi ko wasa yake yi. Baba ba ya wasa a gaban na'urarsa. Yatsansa yana nuna sifikar da ke neman tsaga mata kunne, yana cewa ta mutu.

"Na ji, Baba," abin da ta iya cewa ke nan.

Baba a maɗaba'a ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ya shiga yana mai shara da ɗauko takarda, ya fita yana mai kula da babban injin da ke buga littattafan makaranta. Wanda bai taɓa shiga ɗakin injin ba ba zai gane ba. Ƙasa rawa take yi, magana sai da hannu, in an kashe inji da yamma ma ƙarar ba ta mutuwa, bin mutum take yi har gida. Mama ta ce a farkon aurensu in ya dawo ba ya amsa sannu da zuwa sai ya wanke tawadar hannunsa, ya zauna zugum kamar mai jiran wani abu ya fice masa daga ka. Ta ɗauka fushi ne. Sai daga baya ta gane shiru yake nema, kuma ba ya samu.

A shagon wani mai sayar da kayan sauti ya same shi. Batir ya je saye, ya tarar mai shagon yana gwada wa wani faifan sidi. Baba ya sha ba da labarin nan har yara sun haddace. Ya ce ba kiɗan ne ya tsayar da shi ba, ɗan shirun nan ne da ke tsakanin waƙa da waƙa. Kaset yana da hucinsa, rediyo yana da iskarsa, amma wannan shirun tas yake, kamar farar takarda kafin inji ya taɓa ta. Sai murya ta fito daga cikinsa, har ana jin mawaƙiyar tana jan numfashi. Ya daɗe yana hana kansa abubuwa kafin ya kawo irin wannan na'ura gida. Baƙa ce mai nauyi, da ɗan tire mai fitowa a hankali ya karɓi faifai ya koma. Daga baya amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti ta biyo, sannan sifikokin, kowace kusan tsayin yaro mai koyon tafiya.

Duniya ta bar faifai, Baba bai bari ba. Yaya, babban ɗansa, ya taɓa kawo masa waya mai tsada ya ce duk abin da ke kan kantar faifansa yana cikinta.

"Abin da ake kiran ka da shi, ake haska hanya da shi, shi ne zai yi maka kiɗa?" in ji Baba. "Ana tsakiyar waƙa wani ya bugo ya ce kana ina. Wannan aiki ɗaya ta iya, kuma ta iya shi."

"Baba, waƙoƙin da ke cikin nan sai ka shekara ba ka gama ji ba."

"Kai ka taɓa jin guda ɗaya har ƙarshe?"

Yaya ya mayar da wayarsa aljihu.

Bayan ya yi ritaya sauraro ya zama aikinsa. Kullum da yamma sai ya wanke hannu, ya zaro faifai ya riƙe shi ta gefe-gefe, ya duba shi a haske, ya zauna. Ba a shiga falon da magana har faifan ya ƙare. Ma'auninsa kuwa ɗaya ne. Akwai wani faifai da yake gwaji da shi, na wata mawaƙiya mai sanyin murya, ya ce in komai daidai yake, to in ka rufe ido za ka ji ta tsaye a gabanka, daidai tsakiya, inda babu sifika. Auta tana ƙarama har bayan kanta ta taɓa leƙawa neman matar.

Maɗaba'a ta bar masa tsabta, ta kuma bar masa zargi. A can in shafi ya fito a karkace, ba a cewa tsautsayi, sai a ce wa ya taɓa. Da wannan tambayar ya dawo gida, kuma da ita ya tari abin da ya fara faruwa tun bara waccan, lokacin da mawaƙiyar ta fara gusawa daga tsakiya tana jirgawa dama.

Ya bi abin kamar yadda yake bin ciwon inji. Ya sauya wa sifikokin wuri, bai ga canji ba. Ya sayo sababbin wayoyi. Ya aro amfilifayar wani tsohon abokin aikinsa. Duk da haka matar tana dama. Sai ya ce to saura na'urar kanta, ya naɗe ta a bargo ya kai wa Dogo mai gyaran kayan sauti, wanda shi kaɗai Baba ya yarda ya buɗe ta tun tana sabuwa. Ta dawo daidai, Baba ya yi ta yabon Dogo. Bayan wasu watanni matar ta sake jirgawa, ya sake naɗe bargo. Haka aka yi ta yi, tazarar tana raguwa, yabon ma yana raguwa, har ya koma ƙunƙuni.

Kafin zargin ya tsaya a kan Dogo sai da ya zaga gida. Ya fara da Mama.

"Ke kina goge sifikar nan da jiƙaƙƙen tsumma."

"Malam, rabona da taɓa akwatinan nan tun Auta tana goye. Ka manta ka kafa mini doka?"

"To ƙurar da ke kai ina take zuwa?"

"Ai kai kake lashewa da idonka, tsabar kallo."

Ya koma kan Yaya, ya ce tun ranar da ya kawo wayar nan yake neman hanyar da za a ce kayan sun tsufa a kwashe. Ya koma kan mai walda na bakin layi, ya ce shi ke shanye ƙarfin wuta kafin ta iso gidan, har ya je ya tsaya masa a kai yana kallon inda ya jona wayarsa. A ƙarshe ya ce Dogo ne. Ya ce ya tabbata ya zare kayan asali daga ciki ya sa na jabu, don yanzu irin wannan na'ura ta yi wuya, masu nemanta sun dawo, kuma duk mai gyara ya san haka.

Auta ta gama jami'a a wannan shekarar, tana gida tana jiran aiki, ba ta da abin yi sai lura. Daga ranar kujerar nan ta zama mai gadin Baba ba tare da ya sani ba. Ta lura da kunnen dama yake amsa waya, ko da hannun na riƙe da kofi sai ya ajiye. Ta lura in suna tafiya a titi sai ya zagayo ya sa ta a damansa. Wata rana yana karatu ta tsaya ta hagunsa ta ce, "Baba, shayinka," bai ɗago ba. Ta zagaya ta faɗa da murya iri ɗaya, ya ce ta ajiye. Ta duba a waya abin da ke sa kunne ɗaya ya daina ji, ta karanta abubuwan da suka hana ta cin abincin rana. Ta rufe, ta sake buɗewa.

Ita ma zargin ya kama ta. Ta fara tunanin kowa ya sani ana ɓoye mata don ita ce ƙarama. Ta tare Mama a kicin.

"Mama, kin lura Baba ba ya ji sosai?"

"Yau kika sani? Ni tun kafin a haife ki nake magana ba ya ji."

"Ba wannan nake nufi ba. Kunnensa na hagu."

Mama ta ci gaba da yanka albasa, amma wuƙar ta rage sauri.

"Tsufa ne. Kuma mutumin da ya rayu cikin ƙarar inji, me kike so?"

"Inji ai ba kunne ɗaya yake zaɓa ba."

Mama ta ajiye wuƙar. Ta ce ta ga wasu alamu, ta ce kuma ko kwanan baya ya tashi daga kujera sai da ya dafa bango. Amma ta kwantar da ranta da abu ɗaya: mutumin da ke zama kullum yana tantance numfashin mawaƙiya, ta yaya za a ce kunnensa ya taɓu? In da akwai matsala ai kiɗan zai fara gaya masa.

Wannan maganar ce ta tsaya wa Auta a rai. Kiɗan ya gaya masa, tun bara waccan. Wani ne ya yi ta rufe wa kiɗan baki. Washegari da hantsi ta ce za ta kai takardun neman aiki, ta nufi shagon Dogo.

Shagon ɗan lungu ne tsakanin mai ɗinki da mai sayar da fenti. Tun daga ƙofa ake jin ƙaurin dalma. Gawarwakin rediyo da talabijin jere har rufi, a tsakiya ga tebur mai fitila ɗaya, ga Dogo a duƙe da gilashin ƙara girma ɗaure a goshi. Tsawonsa ya sa ko a zaune kamar a tsaye yake.

"A'a, autar Maigida. An zama manyan mata. Ko shi ya aiko ki ki ƙirga mini sukurori?"

"Kawu Dogo, me ka yi wa na'urar Baba?"

Ya ɗage gilashin daga ido. Ta ga ya dubi ƙofa kafin ya dube ta, sai zuciyarta ta ce lalle akwai abu.

"Shi ya ce na sata ko? Labari ya iso ni. Ga kayansa can." Ya jawo wani gwangwanin madara, ya zazzage a tafin hannu. Wasu 'yan ƙananan abubuwa ne kamar ƙwayar shinkafa masu zane-zanen launi. "Duk abin da na cire yana nan. Ban sayar da ko ɗaya ba."

"To me ya sa ka cire?"

Ya juya su da yatsa.

"Karon farko da ya kawo ta kan wannan matsalar, na auna ta ciki da waje. Lafiyarta lau. Na ce masa Maigida, ba abin da ya same ta. Kin san babanki. Ya ce in ban iya ba in faɗa, ya kai wa wani. Ya zauna a bencin nan ya sa hedifon ɗinsa, ya sa faifansa na gwaji, ya ce matar tana dama. Sai na rage wa dama ƙarfi kaɗan. Ya ce saura. Na ƙara ragewa. Ya rufe ido ya ce yauwa, ta dawo. Ya tafi yana sa mini albarka."

"Ba ka gaya masa abin da ka yi ba?"

"'Yata, haka muke yi wa tsofaffin kwastomomi. Wani ya ce sauti ya dushe, ka ƙara masa kaifi. Wani ya ce ganga ta yi yawa, ka rage. Mutum ba zai zo shagon gyara ka ce masa shi ne ya lalace ba. Na'ura ake kawo mini, ita nake taɓawa."

"Sau nawa ka rage?"

"Duk zuwan da ya yi. Wannan karon na ƙure. In na ƙara ragewa, dama ta mutu gaba ɗaya." Ya mayar da 'yan abubuwan cikin gwangwani a hankali. "Da farko na ɗauka tsufa ne, kaɗan-kaɗan. Amma na bana saurin ya yi yawa. Na so in yi magana, sai na ji ya fara kira na ɓarawo, na ce in na faɗa yanzu zai ce kare kaina nake yi."

Auta ta ji kamar ta rufe shi da faɗa, amma ta daure. Ta tambaye shi abu ɗaya kawai, ko ragin da ya yi yana fita har a hedifon. Ya ce ƙwarai, ai da shi suke gwajin.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Mai fenti surukin maƙwabcinsu ne. Ta tarar da Baba a falo, na'urar a kashe, hannayensa a harɗe.

"Ashe a shagon Dogo ake karɓar takardun aiki."

"Baba, na je ne in tambaye shi."

"Ya ba ki shayi, ya ba ki labari, kin dawo ki kare shi. Ke da yayanki da uwarku duk bakinku ɗaya. So kuke a ce tsoho ya rikice, a kwashe kayan a sa talabijin."

Auta ta riga ta shirya abin da za ta ce tun a hanya.

"Kai ka koya mana in abu ya lalace a sauya ɗaya-ɗaya har a kama mai laifi. Ka sauya sifika, ka sauya waya, ka sauya amfilifaya. Saura gwaji ɗaya. In ka yi shi ka ce Kawu Dogo ɓarawo ne, ni da kaina zan raka ka shagon."

Ya dube ta ta ƙasan ido. Kalmar gwaji ce ta kama shi. Ya ce ta faɗi.

Ta ɗauko hedifon ɗinsa daga ƙusa. Tun ranar da ya saye shi ya ɗaura jan zare a ɓangaren dama, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa sa shi a juye ba, don a wurinsa hakan rashin tarbiyya ne. Ta jona shi a jikin na'urar, ta sa faifan gwajin. Ya sa kamar kullum.

"Ga shi nan. Hagu ba komai. Damar ma ta yi sanyi."

"To juya shi, Baba. Jan zaren ya koma hagu."

"Wannan wane irin shashanci ne?"

"Gwaji ne."

Ya cire, ya juya, ya mayar. Ta ga kafaɗarsa ta zabura. Ɓangaren da ya ce ya mutu yanzu yana kan kunnensa na dama, yana zuba masa kiɗa da ƙarfin da har ita tana ji daga inda take tsaye. Ya ɗaga hannu ya taɓa ɗaya gefen, ya danna shi a kan kunnen hagu. Ya sake juyawa. Ya sake. Sannan ya cire ya ɗora a cinya, ya murza yatsu biyu kusa da kunnen dama, ya kai su kusa da na hagu ya murza. Ya daɗe yana murzawa.

Faifan yana ta juyawa ba mai sauraro. Mama ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ba ta shigo ba.

"Ashe dai an taɓa ta," in ji Baba a ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. "Na ce an taɓa."

Auta ta gaya masa duk abin da Dogo ya ce, har gwangwanin madarar. Bai katse ta ba. Da ta gama ya tambaye ta tun yaushe, ta ce tun zuwan farko. Ya gyaɗa kai.

"Da sata ya yi da na yafe. Wannan ya zauna yana kallo na ina rufe ido ina cewa yauwa."

Zuwa asibiti bai zo da sauƙi ba. Ya ce datti ne, ya sa aka sayo maganin ɗigawa, ya yi kwanaki yana kwanciya a gefe ɗaya. Da bai ga canji ba, sai da Mama ta ce in bai je ba ita za ta je ta ba likita labarinsa a gaban mutane, sannan ya sa hula. A ɗakin gwajin ji aka sa masa hedifon aka ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji ƙara. Kafin ya yarda sai da ya tambayi ma'aikaciyar wa yake gyara musu na'urar, kuma yaushe rabon da a buɗe ta. Ta yi dariya, shi bai yi ba.

Likitan, wata mace mai magana a hankali, ta duba sakamakon ta tambaye shi aikin da ya yi. Ya ce maɗaba'a. Ta ce ƙarar inji ta taɓa duka kunnuwan kaɗan, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ba ta so shi ne yadda na hagu ya yi nisa shi kaɗai, ga kuma jirin da Mama ta ambata. Ta tambayi tun yaushe ya fara. Baba ya ce kwanan nan. Auta ta ce tun bara waccan. Likitan ta ɗago ta dube su.

"Me ya hana ku zuwa tun lokacin?"

Likitan ta mayar da idonta kan sakamakon. Ta ce sai an ɗauki hoton cikin kai, don a ga ko akwai abin da ke danne jijiyar ji. Ta ce sau da yawa ba a samun komai, in an samu ma yawanci ba mugun abu ba ne, amma ba za ta ce komai ba sai ta gani. Auta ta riƙe rabin farko na maganar, rabin ƙarshen ya riƙe ta.

Dogo ya zo gidan da jakar kayan aikinsa da gwangwaninsa, ba wanda ya kira shi. Ya tsaya a ƙofar falo, kansa yana kusan taɓa dokin ƙofa.

"Maigida, na zo ne."

"Na gan ka. Ai wannan idon bai mutu ba tukuna."

"In ka yarda in mayar da kayan. In kuma kana so in bar ta yadda take, don ka riƙa ɗan jin—"

"Mayar da ita yadda aka ƙera ta. Ban saye ta don ta yi mini ƙarya ba."

Dogo ya shimfiɗa jarida a ƙasa ya buɗe na'urar a gabansa. Baba ya jawo 'yar kujera ya zauna a kansa, yana bin kowace ƙwaya da ido daga gwangwani har inda aka liƙa ta. Bai ce masa na gode ba, bai kuma kore shi ba. Da Mama ta kawo shayi kofi biyu, bai ce a mayar da ɗaya ba.

An ɗauki hoton a wani ɗaki mai sanyi, cikin wani inji mai kama da bututu. Auta ta jira a benci tana kallon fuskar duk ma'aikacin da ya fito, tana neman abin da ya gani. Wanda ya ɗauki hoton ya ce ba shi ke fassarawa ba. Ta ce amma ai ya gani. Ya ce ta yi haƙuri. Ta dawo gida tana juya wannan haƙurin a ranta, ko irin wanda ake ba kowa ne, ko na wanda aka tausaya wa.

An ce babban likitan da ke duba irin wannan hoto ba kullum yake zuwa ba, in ya duba za a kira su. Lambar Auta suka bayar, don Baba ya ce shi ba ya son labari ta waya. Yaya yana bugowa safe da yamma, duk lokacin da wayar ta yi ƙara sai ta zabura tana zaton asibiti ne, har ta roƙe shi ya riƙa kiran Mama. Baba yana cin abinci, yana fita, yana faɗa da mai walda. Sau ɗaya ya tambaye ta ko sun kira, ta ce a'a, ya ce ko dai sun kira tana ɓoye masa. Ta miƙa masa wayar ya duba da kansa.

Har yau sakamakon bai fito ba. Asibitin ba su kira ba tukuna.